Kindirmo da Tuffa: Abin Taɓawa Wanda Ba Ya Nauyaya Jiki

Darasinmu na wannan wata a kan abinci ne, amma za mu bar tuwo da miya sai wani jiƙon. Muna so mu yi magana a kan ɗan abin nan da mutum ya kan taɓa tsakanin kalaci da kalaci, watau abin da a kan ci da hantsi, da wanda a kan sha da la'asar, da abin zaƙin da a kan miƙa wa baƙo bayan ya gama cin tuwo. Waɗansu za su ce ai wannan ƙaramar magana ce. Amma ku lura, 'yan'uwa, ta wannan ƙaramar ƙofa sukari da mai su ke shiga jikinmu kullum ba mu ankara ba.

A dā mu kan ce ciwon sukari na attajirai ne da mutanen birni. Yanzu kuwa ya iske malamin makaranta a Birnin Kudu, ya iske tela a Gwaram, ya iske uwargida wadda ta ke wuni a zaune bakin keken ɗinki ko teburin sayarwa. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne su ke da ciwon a duniya, a Nijeriya kuwa sun fi miliyan 3 da rabi. Da yawa cikinsu ba su san suna da shi ba, sai ƙafa ta yi miki ya ƙi warkewa, ko ido ya fara dushewa. Ƙiba mai yawa ita ce ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da ciwon ya ke bi, ita ce kuma ta ke taimaka wa hawan jini. Wanda ya wuce shekara 40, ko wanda a ke da ciwon a danginsu, ya kamata ya je a gwada jininsa. A Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ana yin wannan gwaji, ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa.

Mene ne kalori?

Kalori shi ne mudun da masana su ke auna ƙarfin da abinci ya ke ba jiki. Babban mutum ya kan bukaci kamar 2,000 zuwa 2,500 a yini. Manomi wanda ya ke huɗa tun asuba har rana ta take yana bukatar fiye da haka nesa, mai zaman ofis ko shago kuwa ƙasa da haka. Abin da jiki ya karɓa bai ƙone da aiki ba, ya kan ajiye shi ya zama kitse.

To, ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Ƙaramin cokalin shayi na sukari, giram 4 ke nan, yana da kalori 16. Babban cokali na mai, ko na gyaɗa ko man ja, yana da kamar 120, gama mai ya fi sukari ƙarfi fiye da riɓi biyu. Shi ya sa cincin da fanke da duk abin da ya yi iyo cikin kasko su ke da nauyi haka, ko da shi ke a hannu ba su da girma. Kwalbar lemo mai zaƙi ta santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9, watau kalori kusan 150. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa sukarin da babba ya ke ƙarawa cikin abinci da abin sha kada ya wuce kamar cokalin shayi 12 a yini, in ya iya tsayawa a 6 ya fi kyau. Kun ga kwalba ɗaya tak ta kusa cinye rabon yini duka. Gwamnatin Tarayya ma ta lura da wannan, har ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan lemo cikin dokar kuɗi ta shekarar 2021.

Abin da mu ke da shi a gida

Turawa da likitocinsu su kan ce wa mai son rage ƙiba ya riƙa shan yogot da tuffa maimakon kayan zaƙi. Mutanenmu da su ka ji haka su kan ɗauka wani sabon abu ne mai tsada wanda sai an je kanti a Kano. Ba haka ba ne. Yogot dai kindirmo ne. Kalmar daga harshen Turkiyya ta fito, sana'ar kuwa daɗaɗɗiya ce a wurin dukan masu kiwo, daga can har nan. A shekarar 1905 wani ɗalibin likita mutumin Bulgariya, Stamen Grigorov, ya gano ɗaya daga cikin ƙananan halittun da su ke sa madara ta yi tsami ta kama. A shekarar 1919 aka fara yin yogot na sayarwa da sunan Danone a birnin Barsalona na ƙasar Sifen, a shagunan magani kuwa aka fara sayar da shi. Abin da Turawa su ka fara saye a hannun mai magani, mu a ƙwarya mu ka tashi mu ka same shi. Wanda ya taɓa zuwa Dutsen Mesa ko Dutsen Habude a Birnin Kudu ya ga zanen shanu da mutanen dā su ka yi a jikin dutse, ya san shanu ba baƙi ba ne a ƙasan nan.

Amma sai mu rarrabe iri uku, gama ba ɗaya su ke ba. Akwai madara, wadda aka tatso yanzu. Akwai kindirmo, watau madarar da aka sa mata ɗan tsohon nono ta kwana ta kama, da manta duka a ciki. Akwai kuma tsala, wanda aka kaɗa aka cire man shanu, ya fi ruwa-ruwa ya fi tsami. Gwangwanin madara ƙarami cike da kindirmo yana da kalori kamar 100, ko da ɗan ɗoriya in saniyar mai yawan mai ce. Tsala kuwa cikin wannan gwangwani ba zai wuce 60 ba. Dukansu biyu suna da abin gina jiki, da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da haƙori. Har wa yau, mutane da yawa waɗanda madara ta kan murɗa musu ciki suna shan kindirmo lafiya, domin ƙananan halittun nan sun riga sun cinye wani kashi na zaƙin madarar wanda cikinsu ba ya iya narkarwa.

Ku yi hankali da yogot na leda da na roba wanda a ke sayarwa da sanyi a tasha. Yawancinsa an zuba masa sukari sosai. Ku karanta abin da aka rubuta a jiki. In kun ga sukari ne na biyu ko na uku cikin jerin abin da aka haɗa, to, ɗan'uwan lemon kwalba ne ya sa farar riga.

Tuffa kuwa ita ce baƙuwar. Asalinta daga duwatsun ƙasar Kazakistan ne, wajen birnin Almati, itace ne kuma mai son sanyi, ba ya yi a ƙasa mai zafi irin tamu. Ana noman kaɗan a kan tudun Jos, amma yawancin wadda mu ke gani a baro da kan tire a bakin hanyar Kano zuwa Maiduguri daga ƙasashen waje a ke kawo ta, musamman Afirka ta Kudu. Matsakaiciyar tuffa ɗaya tana da kalori kamar 95. Yawancinta ruwa ne, da wani abu mai zare-zare a cikin ɓawo da tsoka wanda ciki ba ya narkarwa, shi ne ya ke sa mutum ya ji ya ƙoshi, ya ke kuma hana zaƙin ya afka cikin jini gaba ɗaya.

Yanzu sai ku haɗa lissafin da kanku. Gwangwani ɗaya na kindirmo da rabin tuffa, kalori 150 ke nan, daidai da kwalbar lemo ɗaya. Amma wanda ya sha kwalbar, bayan rabin sa'a yana neman abin ci. Wanda ya sha kindirmo da tuffa zai kai magariba bai waiwayi mai fanke ba. In da tsala aka yi, ya sauko zuwa 110.

Yadda za a haɗa

Hanya mafi sauƙi ita ce a wanke tuffa sosai da ruwa mai tsabta, a raba ta huɗu, a cire ƙwallayen da ke tsakiya a zubar. Kada a fere ɓawon, gama a nan amfanin ya fi yawa. A yanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, a ɗiga mata ruwan lemon tsami kaɗan domin kada ta yi baƙi, sa'an nan a zuba cikin kindirmon da aka burge ya yi laushi. Domin tsofaffi waɗanda haƙori ya yi musu ƙaranci, sai a goga tuffar da magogi irin na kuɓewa. Gogaggiyar tuffa ta fi ba nono zaƙi, domin ruwanta ya kan bi ko'ina.

Ta biyu ita ce wadda mu ka fi so lokacin hunturu. A yanka tuffa biyu cikin ƙaramar tukunya, a zuba ruwa babban cokali uku ko huɗu, a jefa ɗan dakakken citta da kanumfari ƙwaya biyu, da kirfa in akwai. A rufe a bar ta kan wuta marar ƙarfi kamar minti goma har ta yi lugub. A tsame kanumfarin, a murƙushe ta da ludayi, a bari ta huce sarai kafin a ɗora bisa kindirmo, gama in da zafi aka zuba, nonon zai tsinke ya yi ruwa. Wannan ya isa mutum huɗu. Ƙamshin kayan yajin nan ya kan ruɗi harshe har mutum ya manta ba a sa sukari ba. Mai sayarwa ya kan rage kuɗin tuffar da ta ƙuje ko ta fara yaushi, ita ce kuwa ta dace da dafawa. Amma wadda ta ruɓe ko ta yi fumfuna, a yar da ita ɗungum, kada a ce za a yanke gefen a ci sauran.

Ta uku, a shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta wanda aka tafasa bisa bakin kwano, a zuba kindirmo, a ɗaure a rataye sa'a biyu ko uku a wuri mai sanyi. Ruwan zai tsiyaye, a sami abu mai kauri wanda cokali zai tsaya a ciki. A yanka tuffa fale-fale a riƙa dangwala. Baƙo ba zai raina wannan ba. Sai dai ku tuna, tun da shi ke an cire ruwan, kowane cokali ya ƙara nauyi, don haka rabin gwangwani ya ishi mutum. Ruwan da ya tsiyaye kuwa kada a zubar, a dama kunu da shi.

Mai firji da wutar da za ta riƙe shi, yana iya haɗa kindirmo da gogaggiyar tuffa ya ƙulla a ƙananan leda ya daskarar, yara su tsotsa da rana maimakon ƙanƙara mai launi.

Waɗansu su kan so su ji abu yana ƙaras-ƙaras a baki. A barbaɗa soyayyen riɗi, wanda jiharmu ta Jigawa ta ke nomawa da yawa, ko dakakkiyar gyaɗa. Cokali ɗaya kurum. Gyaɗa abinci ce mai kyau, amma rabinta mai ne, babban cokali ɗaya ya kai kalori 50, mai zuba ta da tafin hannu kuwa ya rushe lissafin duka.

Maganar zaƙi

A nan ne yawancinmu mu ke faɗuwa. Mu kan ɗauki nono mai kyau mu zuba masa sukari babban cokali biyu ko uku, kowane ɗaya kuwa kalori 50 ne. Waɗansu su kan ce, to, mu zuma mu ke sa, ko mazarƙwaila, ko dabino. Jiki bai san wannan bambanci sosai ba, duka zaƙi ne a wurinsa. Busasshen dabino ƙwaya ɗaya yana da kalori 20 ko fi. In tsamin ya fi ƙarfinku, ku jiƙa dabino ɗaya ku daka ku gauraya, ya wadatar. Abin da ya fi shi ne a nemi kindirmo na yau wanda bai yi tsami ba tukuna, sa'an nan a riƙa rage sukarin da rabi-rabi kowane mako. Harshe ya kan saba cikin wata guda.

Fura kuma fa? Ba mu ce a bar fura ba, ina! Amma fura da nono kalaci ne cikakke, na mai aikin ƙarfi. Wanda ya ci tuwo ya ƙoshi sa'an nan ya dama fura uku da sukari, ya ci abinci biyu ne a zama ɗaya.

In babu tuffa

Za mu faɗi ra'ayinmu a fili. Bai kamata mai iyali ya ɗauki kuɗin cefane ya kai wa mai tuffa ba domin ya ji an ce Turawa suna ci. Sau da yawa kuɗin tuffa ɗaya ya kan sayi kashin goba guda a kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu lokacin da ta ke yayi. Goba kuwa ta fi tuffa. Cikin giram 100 na goba akwai bitamin C fiye da miligiram 200, cikin na tuffa kamar 5 kaɗai. Abin nan mai zare-zare kuma, goba ta riɓanya tuffa sau biyu. A cire tsakiyar mai 'ya'ya a tace ta da rariya, a yanka sauran ƙanana, a yi da ita duk yadda mu ka faɗa a kan tuffa, har da dafawa da citta.

Kankana ita ce mafi sauƙin nauyi duka, kalori 30 cikin giram 100. Gwanda kamar 43, mangwaro 60, ayaba kusan 90. Gwanda da abarba suna da wani hali: in sun daɗe cikin nono su kan sa shi ɗaci, don haka a haɗa a sha nan take. Mangwaro ya kan zo da bazara, lokacin da shanu su ka rame nono ya yi wuya, amma rabin mangwaro ɗaya ya kan zaƙaƙa gwangwani biyu. Garin ƙwame, watau na 'ya'yan kuka, cokali ɗaya ya kan ba tsala kauri da ɗanɗano. Ku ci 'ya'yan itacen da tsokarsu, kada ku matse ruwan ku zubar da tuƙar. Mai ciwon sukari wanda ya ke shan magani ko ya ke yin allura, ya tambayi likitansa gwargwadon abin da zai ci, kada kuma ya rage abinci gaba ɗaya da kansa, gama sukarin jini yana iya faɗuwa ƙasa ƙwarai, wannan kuwa hatsari ne.

A tafasa madara

Akwai cututtuka biyu da su kan bi ɗanyar madara daga saniya zuwa mutum. Ɗaya tarin fuka ne na shanu. Ɗayan kuwa shi ne wanda makiyaya su ke kira bakkale, mai sa saniya ɓari. A jikin mutum ya kan zama zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumi da dare, da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin zazzaɓin sauro a banza. Tsami kaɗai ba ya tabbatar da kashe waɗannan. Wuta ce ta ke kashe su. Yawancin matan Fulani da mu ke ciniki da su su kan dafa madara kafin su sa ta kwana, kindirmon kirki haka a ke yinsa. Ba laifi ba ne ki tambayi mai nononki da fara'a ko ta dafa, ku kuma riƙe mai nono ɗaya wadda kuka amince da tsabtarta.

Wadda ta ke so ta yi nata a gida, ga yadda a ke yi. A tafasa madara lita ɗaya, a sauke, a bari ta huce har yatsa mai tsabta ya iya daɗewa a ciki ba ƙuna. A zuba kindirmo mai kyau babban cokali biyu, a juya, a rufe da faifai, a ajiye wuri mai ɗumi kada a motsa shi. Da zafi ya kan kama cikin sa'a shida, da hunturu sai ya kwana. Madarar gari ma tana yi, in an dama ta da tafasasshen ruwa.

Wannan darasi ba na yara ba ne

Muna roƙon iyaye mata su karanta wannan sashi sau biyu. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a Jihar Jigawa yara kamar 64 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon da ya kamaci shekarunsu ba, sabo da ƙarancin abinci mai gina jiki. A gida ɗaya za ka iske maigida yana fama da tumbi, ɗan autansa kuwa yana fama da rama. Rage kalori na maigidan ne. Yaro, da mai ciki, da mai shayarwa, da mai jinya, da tsoho wanda ya ke ramewa, waɗannan a ba su kindirmo da mansa duka, a ƙara musu gyaɗa da ayaba da fura. In nono bai isa kowa ba, a ba ƙanana kindirmon, manya su sha tsala.

Jariri kuwa nonon uwa kaɗai har wata shida, ko ruwa ba ya bukata. Kada a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma. Kada kuma a miƙa wa ɗan ƙaramin yaro gutsuren ɗanyar tuffa, gama tana da tauri, tana iya maƙale masa a maƙogwaro. A goga masa ko a dafa.

Ajiya da taron jama'a

Nono ba ya son zafi. Inda babu firji, akwai dabarar da malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa a shekarun 1990, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ta ke bi. Ruwan da ke tashi daga jikin babbar tukunya shi ya ke janye zafin. Ta fi aiki da rani sa'ad da iska ta bushe, da damina kuwa ƙarfinta kaɗan ne. Ta kan riƙe goba da tuffa kwanaki, kindirmo kuwa a rufe shi sosai a shanye shi cikin yini ɗaya ko biyu.

A taron zumuntar mata, da bikin suna, da na Kirsimati, mun saba da jibge akwatunan lemon kwalba, har mai ciwon sukari ya rasa abin da zai kai baki, kunya kuwa ta sa ya sha abin da zai cuce shi. Masu shirya taro su ajiye kwano ɗaya dominsa da irinsa. Lita uku ta kindirmo da tuffa goma, ko goba ashirin, ta isa mutum ashirin. A yanka 'ya'yan itacen ana gab da rabawa, da wuƙa mai tsabta da hannu wankakke da sabulu, a rufe kwanon sabo da ƙuda, a sa sukari a gefe cikin ɗan ƙoƙo da ƙaramin cokali, wanda ya ke so ya ɗiba da hannunsa.